Rediyon oba-oba a gaban doka: wane ne ke buƙatar lasisi, kuma a kan me

Rediyon hannu mai aikawa da karɓar magana, wanda aka fi sani da oba-oba, yana cikin kayan da ake saye a kasuwa ba tare da an tambayi mai saye wata takarda ba, kuma wannan sauƙin saye ne ya sa mutane da yawa suke ɗauka cewa amfani da shi ma ba ya buƙatar izinin kowa. A idon doka kuwa, duk na'urar da ke watsa igiyar rediyo tashar aikawa ce, ko da girmanta bai wuce tafin hannu ba, saboda haka hukuncinta ya fi kusa da na gidan rediyo fiye da na akwatin da ake sauraron labarai da shi. Izinin da hukumomi ke bayarwa ya rataya ne a kan abubuwa huɗu a haɗe: mitar da ake magana a kanta, ƙarfin da na'urar ke fitarwa, irin aikin da ake yi da ita, da kuma ƙasar da mai magana yake tsaye a cikinta. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya canza, hukuncin ma yana iya canzawa, ko da na'urar ita ce dai ta jiya. Mai wayar salula bai san wannan ɗawainiya ba don kamfanin layi ya riga ya ɗauke masa ita. A gwanjon da aka yi a Najeriya a watan Janairun 2001, dala miliyan 285 aka tsayar a matsayin kuɗin lasisin kowane kamfani, kuma a ƙarƙashin inuwar irin wannan lasisi ne miliyoyin wayoyi suke aiki. Mai oba-oba ba shi da kamfanin da ya tsaya masa, don haka shi da kansa ne doka take kallo.

Dalilin wannan tsauri yana cikin yadda igiyar rediyo take. Mita, a wannan fage, ita ce yawan kaɗawar igiya a cikin daƙiƙa ɗaya, ana auna ta da haz, sunan da aka ɗauko daga masanin Jamus Heinrich Hertz, kuma megahaz ɗaya na nufin kaɗawa miliyan ɗaya. Jerin mitocin da ke maƙwabtaka da juna shi ake kira zango, kuma yawancin oba-oba suna aiki ne a zangon VHF, wanda ya kama daga megahaz 30 zuwa 300, ko zangon UHF, wanda ya tashi daga 300 zuwa 3000. Idan mutane biyu da ke kusa da juna suka danna madannin magana a kan mita ɗaya a lokaci ɗaya, mai sauraro zai ji wanda ya fi ƙarfi kaɗai, ko ya ji ƙara mara ma'ana, kuma wanda aka danne ba ya sanin an danne shi, domin na'urarsa ba ta karɓa a lokacin da take aikawa. A cikin waɗannan zanguna guda biyu ne kuma jiragen sama, da jiragen ruwa, da 'yan sanda, da 'yan kwana-kwana, da motocin asibiti suke da nasu rabon. Lamarin ya yi kama da na fili a ƙarƙashin dokar ƙasa ta Najeriya ta 1978: filin yana hannun gwamnati a matsayin amana, kuma abin da mutum ke samu takardar izinin zama ce mai iyakoki, da wa'adi, da sharaɗin abin da za a gina.

Tun da igiya ba ta tsayawa a kan iyakar ƙasa, tushen dokar ya zama na duniya. An yi babban taron yarjejeniyar rediyo a Balin a 1906, sannan nutsewar jirgin ruwan Titanic a 1912, da ruɗanin saƙonnin da ya biyo baya, suka sa Amurka ta kafa dokar da ta wajabta lasisi a wannan shekarar. A yau Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wato ITU, wadda aka kafa a Paris a 1865 kuma take da mazauni a Janiba, ita ke riƙe da kundin ƙa'idojin rediyo, wanda ake sabunta shi a babban taro duk bayan shekara uku ko huɗu, kamar wanda aka yi a Dubai a 2023. Sashe na 18 na kundin ya ce babu wani mutum ko kamfani da zai kafa ko ya sarrafa tashar aikawa sai da lasisin gwamnatin da yake ƙarƙashinta. Ƙungiyar ba ta ba wa ɗaiɗaikun mutane lasisi, aikinta shi ne raba zanguna ga nau'o'in ayyuka, ta bar wa kowace ƙasa ikon tsara nata. Ta kuma kasa duniya shiyya uku: Afirka da Turai da yawancin Gabas ta Tsakiya suna shiyya ta ɗaya, nahiyoyin Amurka suna ta biyu, yawancin Asiya da Ostireliya suna ta uku. Wannan rabo, wanda ke kama da zancen ofis, shi ne musabbabin da ya sa na'urar da ta halatta a Shikago take iya zama abin laifi a Landan.

Daga wannan tushe ƙasashe suka buɗe ƙofofi daban-daban, kuma wadda aka fi yi wa gurguwar fahimta ita ce ta farko, wato abin da ake rubutawa a kwali cewa na'urar ba ta buƙatar lasisi. Haƙiƙanin lamarin shi ne hukuma ta ba da izini na bai-ɗaya ga kowa da kowa, muddin na'urar ta cika wasu sharuɗɗa da aka gina a jikinta tun daga masana'anta. A Turai tsarin ana kiransa PMR446, yana da layuka 16 tsakanin megahaz 446.0 da 446.2, ƙarfinsa bai wuce rabin wat ba, kuma dole eriyar ta kasance a manne yadda ba za a iya cire ta a sa wata ba. A Amurka akwai FRS, wanda hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta ƙirƙiro a 1996. Tun gyaran 2017 yana da layuka 22 a kewayen megahaz 462 da 467, an yarda da wat 2 a mafi yawansu, amma layuka na 8 zuwa 14 an tsayar da su a rabin wat. Ostireliya, mai faɗin daji da nisan garuruwa, ta fi sakin hannu, domin ta yarda da wat 5 a kewayen megahaz 477, tare da keɓe layi na 5 da na 35 domin kiran gaggawa. To amma megahaz 446 da Bature ke hira a kai ba tare da takarda ba, a Amurka tana cikin zangon masu lasisin rediyon sha'awa ne, kamar yadda mitocin FRS a Turai an riga an raba su ga wasu ayyuka. Matafiyin da ya sayo oba-oba a wata ƙasa ya zo da na'urar kawai, izinin ya tsaya a can.

Sharaɗin eriya ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ke nuna abin da hukumomi suka fi damuwa da shi. Igiyar VHF da UHF tana tafiya kusan a miƙe kamar haske, don haka abin da ke iyakance ta shi ne lanƙwasar ƙasa da gine-gine da duwatsu. Mutumin da ke tsaye a fili shimfiɗaɗɗe yana hango sararin da bai wuce kusan kilomita 5 ba, kuma a cikin gari mai cunkoson gidaje oba-oba biyu ba kasafai suke jin juna fiye da kilomita ɗaya ko biyu ba, duk da alƙawarin kilomitoci masu yawa da ake bugawa a kwali, wanda ba ya tabbata sai daga kan wani dutse zuwa wani. Ƙara ƙarfi ba ya taimakawa kamar yadda ake zato, tun da ko a sararin da babu shamaki sai an ninka ƙarfin sau huɗu kafin nisan ya ninka sau biyu. Tsayin eriya ne ke canza lissafi, domin na'ura mai rabin wat da aka haɗa da eriyar da ke kan doguwar hasumiya tana iya mamaye layi a faɗin gari guda. Hana cire eriya hanya ce ta tabbatar da cewa kowace hira ta tsaya a unguwarta, ta yadda dubban mutane za su iya amfani da layuka 16 ɗin nan a wurare daban-daban ba tare da sun taka juna ba.

Wanda yake son wuce wannan iyaka sai ya bi ƙofa ta biyu, ta lasisin da ake biya wa kuɗi ba tare da jarrabawa ba. Misalinta mafi sauƙi shi ne GMRS na Amurka, inda wanda ya kai shekara 18 zai biya dala 35, farashin da ya fara aiki a Afrilun 2022, ya samu lasisin shekara 10 da ya haɗa da iyalinsa na kusa, tare da lambar kira da dole ya riƙa ambata a kowane minti 15 na hira. Da wannan takarda yana iya kaiwa wat 50 a manyan layuka, ya sa eriyar da yake so, ya kuma yi amfani da tashar maimaici, wato na'urar da ake ɗorawa a wuri mai tsayi domin ta karɓi magana a kan wata mita ta sake watsa ta nan take a kan wata. A Birtaniya hukumar Ofcom tana ba da lasisin kasuwanci mai sauƙi a kan fam 75 na shekara 5, wanda masu shi ke raba wasu layuka a tsakaninsu. Sama da wannan akwai lasisin da ake keɓe wa kamfani mita a wani yanki ƙayyadadde, bayan injiniyoyin hukuma sun duba wurin da eriya za ta tsaya da tsayinta da waɗanda ke maƙwabtaka da mitar. Irin wannan ne kamfanonin tsaro da na mai da na gine-gine suke buƙata, kuma abin da suke saye da kuɗinsu shi ne kariya, domin mai keɓaɓɓiyar mita yana da hurumin kai ƙara idan wani ya yi masa kutse, alhali mai layin bai-ɗaya ba shi da wanda zai kai wa kuka.

Ƙofa ta uku ita ce ta rediyon sha'awa, wanda aka ware domin masu koyon fasahar da gwaje-gwajenta ba don neman kuɗi ba, kuma a nan mutum ake tantancewa maimakon na'ura. A Amurka matakai uku ne, jarrabawar matakin farko tana da tambayoyi 35 da ake buƙatar cin 26, kuma mai lasisi yana iya kaiwa wat 1500 a zangunan da aka yarje masa. A Birtaniya ma matakai uku ne, kuma tun 2024 iyakokinsu suka zama wat 25, da 100, da 1000. A da sai mutum ya iya buga saƙo da alamomin Mos kafin a bar shi ya shiga gajeren zango, amma taron ITU na 2003 ya janye wannan wajibci, Amurka kuma ta soke shi gaba ɗaya a 2007. Kowane mai lasisi yana da lambar kira da ke farawa da alamar ƙasarsa: 5N ta Najeriya, 5U ta Nijar, 9G ta Gana, TJ ta Kamaru, TT ta Chadi, ST ta Sudan. An yarda masa ya ƙera na'urarsa da hannunsa ko ya gyara ta, abin da ba a yarje wa sauran ba. Sai dai wannan 'yanci ya zo da hani guda biyu da ke rushe tunanin masu neman gajeriyar hanya, domin ba a yin kasuwanci a zangon sha'awa, ba a kuma ɓoye ma'anar magana da lambobin sirri. Manajan otal ko shugaban ƙungiyar sintiri da ya ci jarrabawar sha'awa bai samu izinin raba wa ma'aikatansa na'urori ba, domin lasisin nasa ne shi kaɗai, kuma aikin da suke yi ba na wannan zango ba ne.

Duk wannan tsari an gina shi ne a kan zaton cewa na'urar da za ta isa hannun talaka a kulle take a kan layukan da aka yarda da su, kuma cewa mai buɗaɗɗiyar mita tana da tsada, sai wajen dila mai rajista. Wannan zato ya rushe tun bayan shigowar na'urori masu araha daga Sin, waɗanda mafi shaharar su ita ce Baofeng UV-5R, da ta fito a 2012. Tana aiki daga megahaz 136 zuwa 174, da kuma daga 400 zuwa sama, ƙarfinta ya kai wat 4 zuwa 5, eriyarta tana cirewa, kuma mai ita yana iya buga kowace mita da yatsansa. A cikin wannan faɗi akwai megahaz 156.8, wato layi na 16 da jiragen ruwa na duniya suka keɓe domin kiran ceto, akwai kuma mitocin jami'an tsaro na ƙasashe da yawa. Ko da an saita irin wannan na'ura a kan layin PMR446 ko FRS, ba ta shiga izinin bai-ɗaya ba, tun da ƙarfinta da eriyarta sun saɓa wa sharaɗi. Hatsarin da ya fi yawa ma ba na masu mugun nufi ba ne, na masu sayen na'ura biyu ne su kunna su a kan mitocin gwaji da masana'anta ta zuba, ba tare da sanin na wane ne mitocin a ƙasarsu ba. A Satumban 2018 hukumar FCC ta fitar da gargaɗi ga masu shigo da irin waɗannan na'urori da masu sayar da su, wanda ya nuna cewa hukumomi sun gane bin ɗaiɗaikun masu amfani ba zai yiwu ba, sai dai a tare kayan a tashar jirgi da wajen dillalai.

A Najeriya dokar da ta fi daɗewa a wannan fage ita ce dokar sadarwar iska ta 1961, wadda ta haramta kafa tasha ko amfani da na'urar aikawa ba tare da lasisi ba, sannan Dokar Sadarwa ta 2003 ta zo ta tsara yadda ake rabon mitoci. Ita ce ta kafa majalisar kula da mitoci ta ƙasa a ƙarƙashin jagorancin ministan sadarwa, wadda ke raba zanguna a dunƙule ga hukumomi: NCC tana kula da masu harkar sadarwa ta kasuwanci, NBC tana kula da gidajen rediyo da talabijin, ita kuma ma'aikatar sadarwa ta tarayya tana kula da hukumomin gwamnati da masu amfani da mita domin aikin kansu ba domin sayar wa jama'a sabis ba. A wannan rukuni na ƙarshe ne yawancin masu oba-oba suke faɗawa, kamar kamfanin da ke son masu gadinsa su riƙa jin juna. NCC kuma ita ke tantance samfurin na'urorin sadarwa kafin a sayar da su, don haka tambaya biyu ce ke gaban mai saye, wato ko samfurin ya samu amincewa, da ko shi kansa yana da izinin mitar da aka saita masa. A Nijar hukumar ARCEP ce ke wannan aiki, a Gana kuma NCA, kuma izinin ɗayansu ba ya aiki a ƙasar ɗaya, abin da ya shafi fatake da direbobin da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Maraɗi. Yanayin tsaro ya ƙara wa batun nauyi a arewa, domin oba-oba ba ya dogara da hasumiyar kamfanin waya, saboda haka yana ci gaba da aiki a inda aka katse layi, kamar yadda aka yi a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, da Zamfara a Satumban 2021. Wannan siffa ce ta sa yake da amfani ga 'yan sa-kai da ma'aikatan agaji, ita ce kuma ta sa jami'in da ya gan shi a shingen bincike ba zai kalle shi kamar tocila ba.

Game da sirri, abin da ake tallatawa da sunan lambar sirri a ƙananan na'urori wata siririyar ƙara ce da ake haɗawa da murya domin na'urar abokin magana ta buɗe lasifikarta ga masu irin ƙarar kaɗai, amma duk wanda ya kashe wannan tacewa zai ji komai. Hukuncin sauraro shi ma ya bambanta, domin a Birtaniya laifi ne a ƙarƙashin dokar sadarwar iska ta 2006 mutum ya saurari saƙon da ba a nufe shi da shi ba, alhali a Amurka sauraron yawancin mitoci ya halatta, ban da hirar wayar salula.

Dokar lasisi tana da wata fuska da bai kamata a kau da kai daga gare ta ba. Inda hukuma ta sa neman izini ya zama mai tsada da wahala, ba ta kuma wallafa jerin layukan da kowa zai iya amfani da su ba, jama'a ba sa daina saye, sai dai su zama masu laifi ba da saninsu ba, kuma dokar da kowa ke karyawa tana zama sanda a hannun mai mulki, ya ɗaga ta a kan wanda ya ga dama. Misalin da duniya ta gani shi ne na Myanmar, inda bayan juyin mulkin Fabrairun 2021 tuhumar farko da sojoji suka yi wa Aung San Suu Kyi, jagorar gwamnatin da suka hamɓarar, ita ce ta shigo da oba-oba ba bisa ƙa'ida ba, kuma a Janairun 2022 kotu ta same ta da laifi a kan haka. Tsarin da ya buɗe ƙaramar ƙofa ga kowa, ya sauƙaƙa ta biyu, ya kuma tsananta a kan mitocin ceton rai, ya fi samun biyayya fiye da wanda ya haramta komai a takarda ya kuma bar kasuwa a buɗe.

Akwai wata togaciya da kundin ITU ya yi a sarari, ita ce cewa babu wata ƙa'ida da ke hana wanda ke cikin hatsari amfani da duk hanyar rediyon da ke hannunsa domin ya jawo hankali, ya bayyana inda yake, ya nemi taimako. Amma hukumomi suna fassara wannan da ƙunci, a kan hatsarin rai ko dukiya da ke gaban ido kuma babu wata hanyar kira. A watan Yulin 2021, lokacin da ake kashe gobarar daji a jihar Idaho ta Amurka, wani mai lasisin sha'awa ya shiga mitar da ma'aikatan gandun daji suke jagorantar jiragen kashe gobara a kanta, yana ba su bayanin abin da yake gani, har sai da wani jami'i ya bar aikinsa ya je ya same shi ya ce ya daina. Ya kare kansa da cewa taimako ya yi nufi, amma hukumar FCC ta ce kyakkyawar niyya ba ta ba shi izinin mitar da ba tasa ba, ta ci shi tarar dala 34,000.